Hoto a Matsayin Shaida: Taskace Dabbobi da Tsuntsayen Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin hoton dabbobi da tsuntsaye a fagen taskace yalwar halittu, wato yawan nau'o'in abubuwa masu rai da ke zaune a wuri guda da bambancin da ke tsakaninsu, inda ta ɗauki ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na tsakiyar Jihar Katsina a matsayin fagen nazari. Hujjar da aka kafa ita ce darajar hoto a wajen manazarta tana rataye ga rana da wuri da sunan da ke tare da shi, kuma abin da yankin ya fi buƙata shi ne hoton halittun da ido ya saba da su tun kafin su yi ƙaranci.

Yanayin ƙasar

Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin shiyyar da masana labarin ƙasa ke kira dajin Sudan, inda damina ke kankama wajen watan Yuni ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, sauran shekara kuwa kaka ce da hunturu da bazara. Mafi yawan ƙasar gonaki ne na gero da dawa da gyaɗa da wake, waɗanda aka bar wa itatuwa jefi-jefi irin su gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, sai kuma bedi, baƙon icce da ya mamaye garuruwa. Duwatsun da suka yi fice a yankin suna riƙe da kogunan dutse da 'yan tsirran da garma ba ta kai gare su, yayin da madatsar ruwan Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, ta samar da babban tafki a inda a da ruwan rani sai an tona yashi. Daga yamma kuma akwai dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana da Batsari. Gona da dutse da tafki kowanne da irin halittun da yake ɗauka, saboda haka ƙasar da baƙo zai yi wa kallon wadda noma ya cinye tana da abin taskacewa fiye da yadda ake zato.

Yadda hoto ke zama hujja

Amfani da hoto wajen nazarin namun daji ya daɗe, domin tun a shekarun 1890 George Shiras na Amurka yake ɗana kyamara da igiya ta yadda dabba za ta ɗauki kanta da dare, kuma mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Daga wannan dabara aka samo kyamarar haƙo ta yau, wadda ake ɗaurewa a jikin icce, motsi da ɗumin jikin dabba su tayar da ita. Sai dai canjin da ya fi shafar wuri irin Kurfi ya zo ne ta wayar hannu, saboda wayar tana liƙa wa kowane hoto ranar da aka ɗauke shi da sa'a, idan kuma an kunna ma'aunin wuri har da daidai inda mai ɗauka ya tsaya. Dandalin iNaturalist, wanda aka fara a 2008, yana karɓar irin waɗannan hotuna, masana su duba su sanya suna, idan ra'ayin mafi yawan masu dubawa ya zo ɗaya sai bayanin ya cancanci wucewa zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 mai mazauni a Kofanhegan.

A gida Nijeriya, Shirin Taswirar Tsuntsaye da aka ƙaddamar a 2015 a ƙarƙashin cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos ya raba ƙasar zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita tara ta kowane gefe, kuma masu sa-kai ne ke shiga kowane murabba'i su rubuta tsuntsayen da suka gani. A irin wannan aiki hoto ne ke raba gardama, domin duk wanda ya ce ya ga tsuntsun da ba a san shi a wani yanki ba, abin da masu tantancewa za su fara nema ke nan.

Batun suna ya cancanci a tsaya a kansa. Shamuwa suna ne da ya faɗa kan nau'i guda, wanda a Latin ake kira Ciconia abdimii, haka ma gauraka da carki kusan ba a rikita su da wani. Amma kurciya a bakin Bahaushe ta haɗa nau'o'i da dama waɗanda masana suka rarrabe, shaho ma haka, kuma sau da yawa sunan da aka san ƙaramin tsuntsu da shi a Kurfi ba shi ne ake kiransa da shi a Kano ko Maraɗi ba. J.M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma ya adana sunayen dabbobi masu yawa, to amma kalma a takarda ba ta nuna launin fiffike ko tsawon baki. Idan aka nuna wa tsohon maharbi hoto a waya ya faɗi suna, aka rubuta sunan tare da garin da aka ji shi, an ɗaure kalmar da halittarta ta yadda mai nazarin harshe da mai nazarin dabbobi duka za su amfana.

Darasin ungulu

Babu misalin da ya fi ungulu nuna asarar da rashin taskacewa ke jawowa. Manya a garuruwan Hausa suna tuna lokacin da ungulaye ke jeruwa a kan katangar mahauta da rumfunan kasuwa, har ba mai ɗaga kai ya dube su, yau kuwa yaro kan girma bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sanya ungulun gari, Necrosyrtes monachus, cikin rukunin da ke dab da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan da aka gano akwai guba da cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu. Abin da ya ba masana damar auna raguwar a Afirka ta Yamma shi ne ƙidayar da Jean-Marc Thiollay ya yi a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, sannan ya sake bin hanyoyin bayan kimanin shekara talatin. Da ba a yi ƙidayar farko ba, da ta biyun ba ta da abin gwadawa. Irin haka ta faru a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda hotunan sama na shekarun 1970 da aka kwatanta da na bayan 2000 suka tabbatar da cewa itatuwan da manoma suka raya a gonakinsu sun ƙaru ƙwarai, alhali ana ta zaton hamada ce kaɗai ke ci gaba.

Abin da wannan ke nufi ga Dutsin-Ma da Kurfi shi ne shamuwa da balbela da cilakowa da damo da bushiya, waɗanda har yanzu ake raina su saboda sabo, su ne suka fi cancantar kyamara a yau. Shamuwa ta fi sauƙi, domin tana isowa gab da faɗuwar damina daga kudancin Afirka, ta yi sheƙar kirare a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, kuma mutane ba sa taɓa ta. Ɗalibi ɗaya da zai tsaya a gindin icce guda a mako guda na kowace shekara, ya ɗauki hoto daga kusurwa ɗaya ta yadda za a iya ƙirga sheƙuna, zai tara cikin shekara goma abin da babu wani littafi da ya ƙunsa. A bakin Zobe kuwa, lokacin da masunta ke juye kamun safiya, ya isa a shimfiɗa karfasa ko tarwaɗa ko ƙurungu a kan buhu, a baje ƙayar bayanta, a ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girmanta, sannan a ɗauka. A tsakiyar hunturu tafkin kan karɓi tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai, lokacin da ya yi daidai da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu tun 1967.

Iyakar hoto da haɗarinsa

Hoto yana tabbatar da cewa an ga abu, amma rashin hoto ba ya tabbatar da cewa abin babu shi, kuma mai kyamara ya fi bin bakin titi da rana tsaka, ya fi son tsuntsu mai ado a kan kwaɗo ko jemage. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ya ƙara karkatar da ma'aunin, tunda wuraren da suka fi yiwuwar ɓoye sauran namun daji su ne ba a iya shiga, baƙon da aka gani yana ɗaukar hoto a bakin daji kuma ana iya yi masa kallon mai kai rahoto. Don haka aikin ya fi dacewa da 'yan gari, da sanin mai unguwa da dagaci, da kuma shugabannin mafarauta da na masunta.

Akwai kuma haɗarin da hoton kansa ke ɗauke da shi. Wanda ya sanya hoton sheƙar ungulu a Facebook tare da sunan ƙauye ya yi wa masu farautarta jagora ba tare da ya sani ba, shi ya sa iNaturalist ke ɓoye ainihin wurin halittun da ke cikin barazana. Wajibi ne duk rumbun da za a kafa a gida ya bi wannan ƙa'ida.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suna da ɗaliban da ke komawa ƙauyukansu kowane hutu da waya a aljihu. Ya kamata sassan nazarin halittu da na Hausa a waɗannan makarantu su haɗa kai su buɗe rumbun hotuna guda, su fara da ƙidayar sheƙunan shamuwa a daminar da ke tafe.