Tarihin Na'urar da Ta Ƙi Tashi: Daga Helsinki Zuwa Rumfunan Gyaran Waya na Gaya

A wannan makon za mu waiwayi tarihin wata matsala da kusan kowa a Gaya da Ajingi ya taɓa gani, wato waya ta nuna tambarin kamfani ta tsaya cak, ko ta yi ta mutuwa tana kunnuwa. Mun saba cewa "sai an yi mata filashin". Amma ciwon ya girmi wayar hannu a ƙasar nan, domin layin GSM sai a 2001 ya shigo Nijeriya.

A cikin kowace kwamfuta akwai wata manhaja da ake kira kenel. Ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, ita ke raba musu wurin ajiya, ita ke magana da allo da batir. Idan ba ta tashi ba, babu abin da zai tashi. Tun a tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs ta Amurka a 1969, an tanadi cewa idan kenel ta gamu da abin da ya fi ƙarfinta, ta rubuta dalili a allo ta tsaya. Wannan ake kira firgitar kenel.

A ranar 25 ga Agusta 1991, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai shekara 21, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta tasa kenel ɗin, wadda ta zama Linux. Da yake a buɗe take ga kowa, sai mutane suka riƙa harhaɗa ta da kansu, kowa yana zaɓar abin da ya dace da kwamfutarsa. Daga nan ƙin tashi ya zama ruwan dare.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya harhaɗa kenel, ya bar direban da ke karanta faifan ajiya a kan faifan kansa. Kenel ta tashi, tana neman direba don ta buɗe faifai, shi kuwa direban yana cikin faifan. An kulle ɗaki ke nan da mukulli a ciki. A tsakiyar shekarun 1990 aka samo mafita da initrd, wani ɗan ƙunshin direbobi da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa tare da kenel, kamar guzurin matafiyi.

Akwai kuma LILO, manhajar da ke tayar da kenel, wadda Werner Almesberger ya fitar a 1992. Tana rubuta haruffan sunanta ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi shaidar an wuce wani mataki. Idan allo ya tsaya a "LI", mai gyara ya san an ɗauko kashi na biyu na manhajar amma ya kasa aiki. LILO wurin da kenel take a faifai kawai take haddacewa, don haka wanda ya sa sabuwar kenel ya manta bai sabunta mata adireshi ba, ya jawo wa kansa. GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara a 1995, tana iya karanta fayiloli da kanta, kuma tana ba mutum jeri ya zaɓa. Al'adar da ta kafu ita ce ba a goge tsohuwar kenel sai sabuwa ta tashi lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wayar Android ta farko ta fito a 2008, kuma a kan kenel ɗin Linux aka gina ta. Ke nan Tecno da Itel da Infinix da ke aljihunanmu jikokin aikin ɗalibin nan ne. Idan mai gyara a Farm Centre ta Kano, ko a rumfar kasuwar Gaya, ya ɗora wa waya fayil ɗin wata samfurin daban, kenel za ta nemi allo da ma'ajiyar da babu su. Tsohon ciwon nan ne dai ya sake kama. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabuntawa na CrowdStrike ya hana kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi, har jirage suka kasa barin filaye.

Abin da ya dame mu shi ne mun gaji ciwon, ba mu gaji tsarin maganinsa ba. Magabatan wannan sana'a sukan fara duba inda na'ura ta tsaya, su karanta saƙon da ta bari, su adana tsohon fayil, su canza abu ɗaya su gwada kafin na biyu. A wurinmu sau da yawa filashin ne matakin farko, kuma da shi hotunan mamata da lambobin abokan ciniki da lissafin bashin mai shago suke tafiya.

Ruwayar baka ta ce maƙeran Gaya ne suka je Dutsen Dala neman tama har Kano ta kafu. Jikokinsu da ke riƙe da sukundireba a yau sun cancanci a koya musu karatun saƙon na'ura, ba goge ta kawai ba. Mu kuma masu kai gyara, mu riƙa tambaya kafin mu miƙa waya: za a adana abin da ke ciki, kuma fayil ɗin na wannan samfurin ne? Allah ya sa mu dace.