Tarkon Ƙamshi: Yadda Turawa Suka Yaudari Ƙwaron Ɓawo

Ƙwaron bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, amma ya daɗe yana hana masu gandun daji a Turai barci. Masana na kiransa Ips typographus. Yana huda ɓawon sifrus, doguwar bishiyar ƙasashen sanyi da ake yanka katako da ita, ya haƙa hanyoyi a ciki, 'ya'yansa su cinye jijiyoyin da ke kai abinci har bishiyar ta bushe a tsaye.

Shi kaɗai ba ya iya kayar da lafiyayyar bishiya, domin tana zubo ƙaro ta shaƙe shi. Ƙarfinsa yana ga gayya. Namiji ne ke fara huda, sai ya saki wani ƙamshi da ke kiran dubban 'yan'uwansa su taru su fi ƙarfin ƙaron.

Tun ƙarni na 18, lokacin da ƙwaron ya yi mummunar ɓarna a tsaunukan Harz na Jamus, masu kula da daji suka lura yana son itacen da aka sare. Sai su kayar da wasu bishiyoyi da gangan, su bari ya cika su, sannan su ɓare ɓawon su ƙone. Dabarar ta yi aiki, sai dai tana cin ƙarfi da katako.

A 1959 aka ƙirƙiro kalmar feromon don irin ƙamshin kiran nan da namiji ke saki, wato ƙamshi na saƙo tsakanin ƙwari. A 1966 masu bincike a Amurka suka gano sinadaran da wani dangin ƙwaron nan na Kaliforniya ke amfani da su. A 1977 Alf Bakke na Norway da abokan aikinsa suka gano mahaɗin kiran ƙwaron Turai, aka fara haɗa shi a masana'anta.

Binciken ya zo kan gaɓa. Guguwa ta kayar da itatuwa a kudancin Norway, fari ya biyo baya, ƙwaron ya yaɗu. A 1979 ƙasar ta kafa tarkuna kusan 600,000: baƙin bututun roba mai ƙananan ramuka, ƙamshi a ciki, kwalba a ƙasa. Ƙwaro ya zaci bishiya ce, ya shiga, ya faɗa. An kama biliyoyi. Annobar ta lafa a farkon shekarun 1980, amma damina mai sanyi ta taimaka wa bishiyoyi a daidai lokacin, don haka masana suka yi ta muhawara kan rabon tarko a nasarar.

Daga baya an fahimci iyakarsa. Tarko na kama wani ɓangare ne kawai na ƙwarin, kuma idan aka kafa shi kusa da daji, sai ya jawo wa bishiyoyin gefe bala'i. Farin da ya fara a 2018 ya tabbatar da haka: a Jamus da Jamhuriyar Cek, bishiyoyin da ƙishi ya galabaita sun kasa yin ƙaro, ɓarnar ta wuce abin da tarko zai tare.

Yau aikin tarkon ya koma na ɗan leƙen asiri. Ma'aikaci na zuwa duk mako ya auna abin da ya faɗa ciki, ya san ranar da ƙwarin suka tashi da yawansu, ya hanzarta sare bishiyoyin da suka kamu a fitar da su kafin sabon ƙyanƙyasa ya fito. Ƙamshi na ba da labari, amma har yanzu zarto ne ke yin yaƙin.