Simintin Malbaza da Tambayar Wanda Ake Yi wa Bayani

Akwai ra'ayin da ya yi ƙarfi a tsakanin masu nazarin tattalin arzikinmu, wai kamfanonin ƙetare ba sa kula da jama'ar da suke zaune a cikinta don baƙi ne, kuma da zarar jari ya dawo hannun ƴan ƙasa magana ta ƙare. A ganina tarihin masana'antar siminti ta Malbaza, a jihar Tawa, bai goyi bayan wannan ba. 

Masana'antar ta ga iyayen gida iri uku. Gwamnati ce ta kafa kamfanin SNC mai gudanar da ita a shekarun 1960. A 1998 aka sayar wa kamfanin ƙetare Scancem, wanda shi kuma Heidelberg na Jamus ya saye a 1999, ma'ana cikin shekara guda wurin yanke shawara ya ƙaura ba tare da an tuntuɓi kowa a yankin Adar, inda masana'antar take, ba. Sai kuma sabuwar masana'antar da aka ƙaddamar a 2019, mai ƙarfin tan 650,000 a shekara, wadda ƴan kasuwar Nijar ke kan gaba a jarinta.

Masu wancan ra'ayi za su ce ai ɗan ƙasa yana jin kunya: ana haɗuwa da shi a wurin jana'iza, sarki na iya aika masa, riba kuma tana zama a gida. Ban raina wannan hujja ba, kunya tana aiki a ƙasar Hausa fiye da takardu da yawa. Amma kunya halin mutum ce, ba ta cikin kundin kamfani, kuma ba ta bin hannun jari idan an sayar. Abin da take haifarwa galibi kyauta ce, rijiya ko aji ko buhunan hatsi da azumi, ita kuwa kyauta ba a bin ta bashi. Manomin da ƙura ke sauka a kan geronsa, da macen da ke tsintar duwatsun jibsin a tsaunukan Adar don sayarwa, buƙatarsu ita ce sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa, da kuma wanda ya wajaba ya amsa.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Ba ina cewa iyayen gidan uku halinsu ɗaya ba ne. Abin da hujja ta ba da dama a faɗa shi ne, a dokar kamfanoni ta OHADA, wadda Nijar ke bi, hukumar gudanarwa masu hannun jari take yi wa bayani, ko a Yamai suke ko a Jamus; mutanen bakin ramin farar ƙasa ba su da kujera. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar, amma wannan rabo ne tsakanin gwamnati da ƙananan hukumominta, bai ɗora wa darakta nauyin tsayawa gaban majalisar gari ba. Yanzu da aka kafa wata masana'antar da jarin Sin a Badagishiri, cikin gundumar Illela, wannan giɓi na doka ya shafi gundumomi biyu.