Kuɗin Cizo: Yadda Yake Shigo Mana Gida Da Yadda Ake Raba Shi Da Ɗaki

Kuɗin cizo, wanda wasu ke ce wa gazunzumi, ƙwaro ne da ba shi da wani abinci sai jini. Yarabawa na kiran sa idun, Ibo kuma su ce chinchi. Yana da kyau ka riƙe sunayen nan biyu, domin ranar da maganar ta kai ka gaban mai gidan haya ko maƙwabcin da kuke bango ɗaya, za ku fi saurin fahimtar juna.

Babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, jikinsa a faɗe yake kamar an danne shi, launinsa ja mai duhu. Idan ya ƙoshi sai ya kumbura ya ƙara ja. Ba shi da fiffike, kuma ba ya tsalle irin na ƙuma. Rarrafe kawai yake yi. Iri biyu ne suka fi damun mutane a duniya: akwai na ƙasashen sanyi, akwai na ƙasashen zafi wanda masana ke kira Cimex hemipterus, shi ne aka fi samu a irin yankinmu. Da rana yana ɓoye, da dare kuma ɗumin jikin mai barci da iskar da yake fitarwa wajen numfashi su ke janyo shi. Ya kan yi minti biyar zuwa goma yana zuƙa ba ka ji ba, saboda a cikin yawunsa akwai abin da ke kashe zafin cizon ya kuma hana jinin daskarewa. Sai ya gama ya koma maɓoyarsa sannan ƙaiƙayi ya taso.

Abin da ya sa yake da wuyar kashewa yana cikin yadda yake hayayyafa. Macen tana zuba ƙwai kaɗan-kaɗan kusan kullum, kafin ta mutu tana iya kai ɗaruruwa. Ƙwan fari ne, kamar milimita ɗaya, kuma a manne yake da wurin da aka zuba shi, kakkaɓewa ba ta fitar da shi. Cikin kwana 6 zuwa 10 yake ƙyanƙyashewa. Ɗan da ya fito sai ya yi saɓa sau biyar kafin ya girma, kuma kafin kowace saɓa sai ya sha jini. A wuri mai ɗumi, mako biyar zuwa shida sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya zama babba mai yin nasa ƙwan. Ga shi da jure yunwa, yana iya yin watanni bai ci komai ba. Shi ya sa mutum zai kulle ɗaki ya tafi gida Arewa ya yi azumi da sallah, ya dawo ya tarar suna nan suna jiran sa.

Ta ina yake shigowa

Tunda ba ya tashi, ba ya tsalle, to duk inda ka gan shi ɗauko shi aka yi. A jaka, a ɗinkin riga, a bargo, a cikin katifa. Mu kuwa da ke zaune a Kudu, rayuwarmu gaba ɗaya ta tafiya ce da sauke baƙi. Ni a gidan fataucin shanu na tashi, kuma duk wanda ya san harkar ya san tsarin: bafatake ya taso daga Potiskum ko Maigatari ko Illela, ya yi kwanaki a hanya, ya kwana a tasha, ya kwana a mota, ya iso Agege ko Akinyele ko Lokpanta ya sauka a gidan maigidansa har a sayar da dabbobi. Ɗakin baƙin nan ba ya hutawa. Wannan ya tashi yau, gobe wani ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin. Mace ɗaya mai ciki da ta maƙale a bakin jakar mutum ɗaya ta isa ta cika ɗakin cikin 'yan watanni, daga nan kuma kowane baƙo ya tafi da rabonsa garin da ya fito.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai shanu ne ke kawo shi. Maƙwabtanmu da ba Hausawa ba suna faɗin haka, har wasu namu ma sun yarda. Abin da ke jikin saniya kaska ce, ita kuwa daban take, tana kafa baki ta zauna a fatar dabba kwanaki. Kuɗin cizo ba ya zama a jikin wanda yake ciza, sha yake ya sauka. Wurin kwanan mutane yake nema. Abin da ya zo tare da shanun shi ne bargon yaran mota da jakunkunan matafiya, to nan ya kamata a duba.

Hanya ta biyu ita ce kayan hannu. Katifa, gado, kujerun falo, kafet, labule. Sabon zuwa da bai da ƙarfi, ko saurayin da zai yi aure yana neman sauƙi, ya samu katifa a rabin kuɗi ya ɗauka da murna, bai tambayi dalilin da ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Haka gwanjo, ko a Katangowa ka saya ko a bakin titi, ba laifin mai sayarwa ba ne lallai, amma kaya ne da suka bi hannaye da yawa. Sai motocin dogon zango masu kujerun soso, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gadajen masauki. Yaro ya dawo hutu daga makarantar kwana, akwatinsa ya wuce kai tsaye ƙarƙashin gado, shi ke nan.

Ta uku ita ce ta fi ɓata rai, domin ba ka kawo komai ba amma ya zo. A gidajen hayar nan masu ɗakuna a jere suna kallon juna, yana bi ta tsagar bango, ta ramin wayar lantarki, ta saman silin, ta ƙarƙashin ƙofa. Musamman idan maƙwabci ya fesa magani mai wari, waɗanda ba su mutu ba sai su yi hijira zuwa ɗaki na gaba.

Mutane na jin kunyar maganar saboda ana ɗauka alamar ƙazanta ce. Shi ba ruwansa da ƙazanta, jini yake so, kuma jinin mai tsafta da na marar tsafta duk ɗaya ne a wurinsa. A ƙarshen shekarar 2023 birnin Paris na Faransa ya rikice da maganar kuɗin cizo, har gwamnati ta shiga ciki, ana saura watanni a yi wasannin Olamfik na 2024. Inda tarkace ke da laifi shi ne yana ba shi maɓoya da yawa, ya sa a daɗe ba a gano shi ba.

Yadda za ka gane shi

Kada ka dogara da cizo kawai. Sauro ma na cizo, kuma akwai mutanen da kuɗin cizo ke sha jikinsu ba ya nuna komai. Sai ka ga miji na barcinsa lafiya, matar da yara na ta susa, shi kuma yana cewa babu komai a ɗakin. Cizon ya kan fito a jere, biyu ko uku kusa da juna, a wuya, hannu, baya ko ƙafa, wato inda tufafi bai rufe ba.

Hujjar gaskiya tana jikin shimfiɗa. Ɗauki tocila ko fitilar waya, ka bi ɗinkin katifa kaf, ka ɗaga ta, ka duba mahaɗar katakon gado da ramukan ƙusa. Za ka ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar an diga tawadar biro, wannan kashinsa ne. Za ka ga ɓawon saɓarsa mai ruwan ƙasa-ƙasa, da fararen ƙwai, da ɗigon jini a zanin gado. Duba saƙar tabarmar kaba, gefen ledar ɗaki, bayan kalanda da hotunan bango, kusurwar gidan sauro ta sama, da inda fenti ya ɓanɓare. Idan sun yi yawa ɗakin kan yi wani wari mai hawa kai, wanda ya taɓa murtsuke ɗaya da yatsa ya san shi.

Game da lafiya, ba a tabbatar yana sa wa mutum wata cuta ba kamar yadda sauro ke kawo zazzaɓi. Illarsa ita ce rashin barci, da susar da ke zama gyambo idan ƙwayoyin cuta suka shiga. Inda suka yi yawa ƙwarai kuma aka daɗe, suna iya rage wa ƙaramin yaro ko tsoho jini. A wanke wurin cizo da sabulu, a yanke wa yara farce, idan ya kumbura ko ya fara ruwa a je asibiti.

Abin da ke kashe shi

Zafi. Da shi da ƙwansa ba sa rayuwa idan zafi ya kai digiri 50 ya kuma ɗan daɗe a kansu. Saboda haka duk abin da zai wanku, zanin gado, rigar matashi, labule, tufafi, a zuba su a leda tun a cikin ɗakin a ɗaure, kada a bi tsakar gida ana kakkaɓewa. A jiƙa su a ruwa mai zafi sosai, a wanke, a shanya, sannan a bi su da dutsen guga har cikin ɗinki. Waɗanda aka gama da su a sa su a sabuwar leda a ɗaure, kada su koma ɗakin a buɗe sai an gama aiki. Gado a kwance shi, a fitar, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa. A kiyaye da yara lokacin, kuma ban da wurin wayar wuta.

Shanya katifa a rana, wanda shi ne abin da muka gada, yana taimakawa amma ba ya gama aiki. Ranar Legas ko ta Fatakwal da damina ba irin ta Sakkwato ba ce a watan Afrilu, kuma ko da rana ta yi zafi, ƙwaron sai ya koma ƙasan katifar inda ke da sanyi. Ƙananan kaya kamar jaka da takalma, idan aka ɗaure su a baƙar leda aka bar su wuni guda a rana mai ƙarfi, sun fi samun zafin da ake so. Katifa kuwa a goge ɗinkinta da buroshi mai tauri, a bi da guga, sannan a kai wa tela ya ɗinka mata riga ta leda mai kauri irin ta asibiti, wadda ba ta da ko ƙaramar kafa. Na ciki ba za su fito ba, na waje ba su da wurin shiga. A bar ta a rufe kamar shekara guda. Idan ta yage ta lalace har dole a jefar, a farke ta da wuƙa tukuna, don kada wani bawan Allah ya tsinta ya kai ɗakinsa.

Bayan haka a toshe tsagar bango da siminti, a janye gado daga jikin bango, kada zanin gado ko gidan sauro ya taɓa ƙasa. Sannan a maimaita dukkan aikin bayan kwana 7 zuwa 10, a sake yi karo na uku. Nan ne yawancinmu ke faɗuwa. An yi aiki sau ɗaya, an samu barci na mako guda, sai ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a ce ai abin ba ya jin magani.

Maganar maganin fesawa

A shekarun 1940 da 1950 maganin DDT ya kusa ƙarar da kuɗin cizo a ƙasashen Turai da Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo, kuma wanda ya dawo ya saba da yawancin magungunan ƙwari na gida. Shi ya sa za ka ƙarar da gwangwanin maganin sauro a kansa ya tashi ya ci gaba da tafiya. Mafi yawan magungunan ma ba sa taɓa ƙwan.

To da mutane suka ga haka sai suka koma wa masu ƙarfi, kuma wallahi wannan ya fi ƙwaron haɗari. Otapiapia da Sniper sinadari ɗaya ne a cikinsu mai suna dichlorvos. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwannin yau da kullum, amma har yanzu ana yayyafa shi a katifar da jariri zai kwanta. Alamar ya taɓa mutum ita ce dalalar yawu, gumi, amai, ciwon kai da ƙuncin numfashi. Idan aka ga haka a fitar da shi iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan.

Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar nan da ake sa wa a buhun wake da masara a sito. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai guba, iskar kuma ba ta san iyakar ɗakinka ba. A birnin Landan a 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu bayan da maƙwabciyarsu ta sa irin wannan magani a gidanta don kashe kuɗin cizo. A gidan da ɗakuna goma ke ƙarƙashin rufi ɗaya, wannan ƙwaya ba ta da wurin zama ko kaɗan. Kananzir da fetur ma haka, suna kashe wanda suka taɓa ne kawai, su bar ka da katifar da ke jiran ashana.

Idan abin ya fi ƙarfin ruwan zafi, a nemi masu feshi da suka san aikin, a tambaye su sunan maganin da za su sa, da awa nawa za a yi kafin a koma ɗaki, da ranar da za su dawo zagaye na biyu. Wanda ya ce maka sau ɗaya ya isa, ni dai ban yarda da shi ba. Kuma a yi shi gida ɗaya rana ɗaya. Ɗaki guda da aka bari saboda mai shi ya ce shi ba shi da su, shi zai mayar wa kowa. Wannan magana ce da mai gida ko wani dattijo a cikin 'yan haya ya kamata ya tara mutane a kanta, a yi karo-karo, ba tare da an nuna wani da yatsa ba.

Ga masu sauke baƙi, ba sai an tozarta kowa ba. A sa katifu masu rigar leda a ɗakin baƙi, a kafa ƙusoshi ko maratayi don jaka ta daina kwana a kan shimfiɗa, a wanke zanin gado da ruwan zafi duk lokacin da baƙo ya tashi. Kai ma idan ka dawo daga tafiya, buɗe jakarka a waje, kayan su wuce wanki kafin su ga cikin ɗaki. Bayan an gama magani kuma, a shimfiɗa farin zanin gado a riƙa duba shi kowace safiya, da ɗinkin katifa sau ɗaya a mako. Idan aka yi mako shida zuwa takwas babu sabon ɗigo, babu cizo, sannan a kwance ledojin kaya a mayar da su wurinsu.