Ganau Cikin Mafarkin Ido Biyu: Waiwaye Kan Faɗuwar Uba da Mubi a 2014

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, shi ya sa mai neman tarihi yake fifita ganau a kan jiyau. To, amma yaya manazarci zai yi idan ya sami ganau ɗin, ya zauna gabansa da alƙalami da takarda, shi kuwa ya buɗe baki ya ce, "Wallahi abin kamar a mafarki na gan shi"? Duk wanda ya taɓa hira da mutanen Uba da Mubi a kan abin da ya same su a ƙarshen 2014 ya san irin wannan magana. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan hali, inda mutum yake farke amma duniya ta koma masa tamkar majigi, sa'an nan ta duba abin da yake nufi ga tarihin yankin.

Ƙasar da Ta Saba da Sauyi

Uba gari ne da ke gindin duwatsu, a kan hanyar da ta nufi Michika da Madagali. Iyakar jiha ta raba shi biyu: ɓangare ɗaya yana cikin Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Jihar Barno, ɗayan kuma cikin Ƙaramar Hukumar Hong ta Jihar Adamawa. Mubi kuwa ita ce babbar alƙaryar yankin, mai shahararriyar kasuwar shanu, da Jami'ar Jihar Adamawa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya.

Mubi ta ga sauyin hannu iri-iri. Ta kasance cikin daular Fombina, Jamusawa suka mamaye ta a farkon ƙarni na 20, bayan Yaƙin Duniya na Farko ta koma riƙon Ingila. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairu 1961 jama'ar yankin suka zaɓi Nijeriya, aka kafa Lardin Sardauna. Daga nan sai Jihar Gongola a 1976, sai Adamawa a 1991. Sai dai waɗannan sauye-sauye na baya-bayan nan a takarda aka yi su. Kasuwa ta ci gaba da ci, manomi ya ci gaba da zuwa gonarsa. Abin da ya zo a 2014 dabam yake.

Ranar Laraba

A watan Agusta 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Gwoza da Madagali, a watan Satumba suka kama Michika. Ran 17 ga Oktoba, Babban Hafsan Tsaron Ƙasa na lokacin, Alex Badeh, ya ba da sanarwar cewa an cimma yarjejeniyar tsagaita wuta. Hankalin mutane da dama ya ɗan kwanta. Kwana 12 kacal bayan haka, ran Laraba 29 ga Oktoba, mayaƙan da suka riga suka mamaye Uba suka faɗa Mubi. Aka fasa gidan yari, makarantu suka watse, dubban mutane suka bazu a ƙafa, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola. Masu mamayar suka sake wa garin suna, suka kira shi Madinatul Islam.

Mai karatu ya auna wannan lamari da kyau. Mutum ya ji a rediyo an ce yaƙi ya tsaya, sai ga yaƙin a ƙofar gidansa. Garin da aka yanke masa cibiya ya kwana da suna ɗaya, ya tashi da wani. Titin da yake bi kullum zuwa kasuwa yana nan yadda ya san shi, amma ba mai sayarwa, ba mai saye. Idan idanu suka kawo wa zuciya labarin da ya saɓa wa duk abin da ta sani, me zai hana ta ce wannan mafarki ne? A nan ne za ka ji uwa tana ba da labarin yadda ta yi tafiyar yini guda da goyo ba ta ji ƙaya ba, ba ta ji ƙishirwa ba, kamar wata ce take tafiyar ita tana kallo.

Abin da Masana Suka Gano

Wannan hali ya daɗe tare da ɗan Adam. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a littafinsa Al-Munƙizu Minal Dalali yadda ya shafe kimanin wata biyu yana shakkar abin da gaɓɓansa suke nuna masa, har yana tambayar kansa ko farkawa ma wani irin barci ne. Nasa dai shakku ne na mai neman ilmi. Na tashin hankali kuwa, misalinsa shi ne abin da ya sami David Livingstone a 1844, lokacin da zaki ya danne shi a kudancin Afirka ya ragargaza masa hannun hagu. Daga baya ya rubuta cewa wani irin magagi ne ya lulluɓe shi, yana sane da kome, amma babu zafi, babu tsoro. A 1892 wani masanin duwatsu ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Heim, ya tattara labaran mahaya duwatsu da suka faɗo suka rayu, ya tarar da yawancinsu natsuwa suka ji, lokaci kuma ya yi masu tsawo.

Likitan farko da ya yi wa abin cikakken nazari shi ne Maurice Krishaber na Faransa, a 1873. A 1898 Ludovic Dugas ya laƙaba masa sunan da ke nufin rabuwar mutum da kansa, a 1935 kuma Wilhelm Mayer-Gross ya bambanta shi da ɗan'uwansa, wato jin cewa duniyar da ke kewaye ce ta zama ta bogi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, idan tsoro ya wuce kima, sashen ƙwaƙwalwa mai tunani yakan danne sashen da ke haifar da firgita, don mutum ya iya gudu ko ya ɗauki ɗansa. Wato garkuwa ce da Allah ya halicci jiki da ita. An ƙiyasta kusan rabin mutane sukan ɗanɗani wannan hali ko da sau ɗaya a rayuwarsu, ya wuce. Mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ne abin yakan zame wa ciwo mai daɗewa.

Bayan Komawa Gida

A tsakiyar Nuwamba 2014 sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato Mubi, a farkon 2015 kuma aka ƙwato Michika da Madagali. Jama'a suka komo sannu a hankali, aka gyara shaguna, aka koma makaranta. Amma ba a bar zukata sun huta ba, domin a Nuwamba 2017 bam ya tashi a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba, ya kashe kimanin mutum 50, aka sake kai wani harin a Mayu 2018.

Garkuwar da ta ceci mutum a daji, idan ta ƙi sauka bayan ya dawo gida, sai ta zama kaya. Yana zaune cikin iyalinsa amma yana jin kamar akwai gilashi tsakaninsa da su. Ya dubi hannunsa ya ji kamar na aro ne. A al'adarmu, da zarar ya faɗi haka sai a ce iska ce ko sammu, ko a fara raɗa cewa ya taɓu. Saboda gudun wannan tambari sai ya yi gum. Alhali kuwa akwai bambanci babba: mai wannan hali ya san sarai ba mafarki yake yi ba, shi ya sa kullum yake cewa "kamar". Hankalinsa yana nan daram, kuma likitocin ƙwaƙwalwa, irin na Asibitin Tarayya da ke Maiduguri, sun san ciwon, suna kuma taimaka wa masu shi. A Janairu 2023 aka sami sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ganau da ya ce abin kamar a mafarki ya gan shi, shaidarsa ba ta raunana ba. Hasali ma wannan kalma tasa ita ce ma'aunin girman abin da ya gani. Jaridu sun adana mana ranaku da alƙaluma, amma yadda aka kwana a kan duwatsun Uba, da wanda ya ba wani ruwa, da wanda aka bari a hanya, duk suna cikin ƙirazan mutane, waɗansunsu har sun fara shakkar tunaninsu. Shekara fiye da goma ke nan, dattawan da suka ga abin suna ta raguwa. Ya kamata ɗaliban Hausa da na tarihi, musamman 'yan asalin yankin, su zauna da iyayensu da kakanninsu, su saurare su cikin haƙuri ba tare da matsawa ba, su rubuta abin da suka ji yadda aka faɗe shi, har da kalmar "kamar" ɗin.