Daga Kwabo Zuwa Dubu: Litar Fetur, Direba da Ɗan Bumburutu

A watan Janairun 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta zo wa gidajen man Nijeriya da wata dabara: fetur ɗaya, farashi biyu. Motar haya za ta sha lita a kan kwabo 42, motar gida kuwa kwabo 60. Nufin shi ne a tausaya wa talaka mai shiga tasi da bas, shi kuwa mai motar kansa ya ji a jikinsa. Ba a je ko'ina ba direbobi suka gane cewa akwai ribar kwabo 18 kwance a cikin kowace lita, ba sai an ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Mutum ya cika tanki, ya zagaya lungu, ya zuƙe da tiyo, ya sayar wa maƙwabcinsa ma'aikaci. Kafin shekarar ta fita gwamnati ta haƙura, ta mayar da kowa kan kwabo 60.

Shekara hamsin Nijeriya ta yi tana wannan kokawa. Hukuma ta yanke farashinta, kasuwa ta yanke nata, tazarar da ke tsakani kuma ta zama abincin wasu. A Arewa masu cin wannan abincin su ne 'yan bumburutu, samarin nan da ke jera galan-galan da kwalabe a bakin titi, da mazurari a hannu.

Tun a 1956 aka gano ɗanyen mai a Oloibiri, matatar farko kuma ta fara aiki a Fatakwal a 1965. A wancan zamani kamfanonin Turawa ne ke da gidajen mai, irin su Shell da Mobil da Total da Texaco da Agip, kuma farashi yakan bi nisan gari daga bakin teku. Mai mota a Sakkwato ya fi na Legas biya. A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce farashi ya zama ɗaya a faɗin ƙasa, lita ba ta kai kwabo 9 ba. Don wannan alƙawari ya tsaya da ƙafarsa aka kafa asusun daidaita farashin mai, wato PEF, a 1975, yana biyan kuɗin dakon tankokin da ke hawowa Arewa. Sai matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, aka kuma shimfiɗa bututu zuwa manyan ma'ajiyoyi a Hotoro ta Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri.

Waɗannan su ne shekarun da dattawan tasha ke ba da labarinsu suna girgiza kai. Ƙarin albashin Udoji ya cika aljihun ma'aikata, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, malamin makaranta ya hau Vespa, akawu ya karɓi bashin mota. A zamanin Janar Murtala lita kwabo 9 ce, ke nan lita 50 ba ta kai naira biyar ba. Ko da Janar Obasanjo ya ɗaga ta zuwa kwabo 15 da 'yan kai a 1978, babu direban da ya sa fetur cikin abin da ke hana shi barci. Taya da batir sun fi damunsa. Mafi ƙarancin albashi a 1981 naira 125 ne, kuɗin da zai sayi lita fiye da 800.

Shirin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ne ya canza lissafi. Naira ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo, fetur ya tashi daga kwabo 20 zuwa 39 da rabi. A Afrilun 1988 aka ƙara kwabo biyu da rabi kacal, amma ɗaliban Jami'ar Jos suka fito kan titi, wutar ta bazu zuwa wasu garuruwa, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Wanda ya ji adadin yau zai yi dariya. Amma mutanen lokacin ba kwabo biyu da rabi suke wa faɗa ba. Sun riga sun ɗauki man mai araha a matsayin rabonsu guda ɗaya tak daga arzikin ƙasa, tunda asibiti da makaranta sun fara sukurkucewa a gabansu. Duk shugaban da ya zo bayan nan ya tarar da wannan tunani yana nan daram.

Daga nan lissafin ya bar kwabo. Shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, Cif Ernest Shonekan, ya kai lita naira 5 a Nuwamban 1993, kwanaki kaɗan kuma kujerar ta suɓuce masa. Janar Sani Abacha ya sauko da ita zuwa naira 3 da kwabo 25, sannan a Oktoban 1994 ya ɗaga ta zuwa 15, da aka yi ca ya tsaya a 11. Da rarar kuɗin aka kafa hukumar PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya jagoranta, ta yi tituna, ta kai magani asibitoci.

Sai dai naira 11 a takarda take. Matatu huɗu da aka gina don tace ganga 445,000 a kullum sun lalace saboda rashin gyara, ƙasa mai haƙo mai ta koma sayo tatacce daga waje. Yajin aikin da ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, suka yi a 1994 kan soke zaɓen 12 ga Yuni ya nuna wa Arewa yadda take a ƙarshen bututu: in aka rufe famfo a kudu, Kano ta tsaya cak. A shekarun nan layin mai ya zama wata ƙaramar unguwa. Direba ya kwana biyu ko uku a cikin motarsa, mai shayi ya kafa tebur, mai kosai ta dasa kasko, a yi jam'in salla a gefen kwalta, ga sojoji da bulala a bakin ƙofa. A daidai gaban gidan man da aka ce babu ko ɗigo, ga yaro nan da galan cike, yana sayarwa ninki biyu ko uku.

Ba daga sama yaron ya samo shi ba. Wani daga ma'aikacin gidan mai ne da ke buɗe famfo cikin dare, wani daga tankar da aka karkatar a hanya, wani kuma daga direban da ya sa maƙeri ya ƙara wa motarsa girman tanki, ya mayar da bin layi sana'a. Yaron bakin titi shi ake gani, shi 'yan sanda ke kora, amma shi ne mafi ƙarancin riba a cikin jerin. Direbobi suna zaginsa, musamman in ya gauraya fetur da kananzir inji ya buga, amma da tsakar dare a hanyar Birnin Gwari ko ta Damaturu shi ɗin dai ake nema.

Tsadar ta sake fasalin sufuri gaba ɗaya. Sabuwar Fijo ta gagari ma'aikaci, sai tsohuwar mota 'yar Kwatano. Tasi ta koma ɗaukar mutum biyu a gaba, huɗu a baya. Babur, wanda a da abin hawan gayu ne, ya zama acaɓa, domin lita ɗaya tana kai shi inda mota ba za ta kai ba. Bayan Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, sakamakon harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai A Daidaita Sahu ta gaje titi, keken da tun farko gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo don ɗaukar mata.

Babbar kasuwar bumburutu kuwa tana kan iyaka. A da, fetur a Nijar da Kamaru da Benin yakan ninka na Nijeriya tsada, saboda haka jarkoki suka riƙa tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni, ta Maigatari da Kwangwalam zuwa ƙasar Damagaram, a kan babur, a bayan tsofaffin motoci, wani lokaci a amalanke. Ƙauyen da bai mallaki mota ashirin ba sai a gan shi da jerin gidajen mai. Ko da Nijar ta buɗe matatarta ta SORAZ kusa da Zinder a 2011, man Nijeriya bai daina shiga ba, domin ya fi araha. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen garuruwan ne suka fi shan wuyar dokar.

Mulkin farar hula bai kawo sulhu ba. Obasanjo ya ƙara, ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta tsayar da ƙasa, aka rage kaɗan, aka sake ƙarawa: daga naira 20 a 1999 har 75 a 2007. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya mayar da ita 65, abin da har gobe direbobi ke yi masa addu'a a kai. Ranar 1 ga Janairun 2012 Goodluck Jonathan ya janye tallafin da gwamnati ke bayarwa kan mai, lita ta kai 141, mutanen da suka je gida hutu suka rasa kuɗin motar komawa. A Kano matasa suka mamaye dandalin Silver Jubilee. Bayan mako biyu aka daidaita a kan 97. Binciken majalisar wakilai ya nuna cewa tallafin da aka ware wa naira biliyan 245 a kasafin 2011 ya lashe sama da tiriliyan biyu, har da kuɗin jiragen ruwan da ba su taɓa sauke mai ba. Shugaban kwamitin binciken, Farouk Lawan, shi ma daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hancin dala 500,000 daga ɗaya daga cikin 'yan kasuwar da ake bincika. Idan aka auna da waɗannan, mai galan a bakin titi ɗan koyo ne.

Buhari ya kai lita 145 a Mayun 2016. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwarsa, Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fitar da sabon jadawali, daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas, 557 a Maiduguri. Alƙawarin Gowon na farashi ɗaya ya ƙare ke nan, nisa daga teku ya dawo cikin lissafi. Zuwa Oktoban 2024 lita ta kai 1,030 a Abuja, duk da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur wata guda kafin nan. Lita 50 da aka sha a kan naira 3,250 zamanin 'Yar'aduwa ta koma 51,500, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Albashin da ya sayi lita 800 a 1981 bai kai ya sayi 70 ba.

Ɗan A Daidaita Sahu yakan fara raba cinikin yini gida uku: na mai, na balas ɗin mai keke, sai abin da ya rage na cefane. Kason farko ne ya cinye na ƙarshe. Ya daina yawon neman fasinja, sai ya kashe inji ya jira a cika. Ma'aikata da yawa sun jingine mota sun koma babur, wasu sun sa tukunyar gas a but. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka fito da bokitai kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu.

Kan iyaka ma ya ji canjin. Da man Nijeriya ya daina araha, ribar tsallaka jarka ta ragu ƙwarai, masu motocin Nijar da suka saba saye a bakin titi suka koma gidajen mai. Gwamnatin Nijar ta rage nata farashin zuwa sefa 499 a 2024, buƙata ta fi ƙarfin matatar Zinder, a Maris na 2025 kuma dogayen layuka suka bayyana a Yamai da sauran birane, har sai da aka nemi tankokin mai daga Nijeriya, wannan karon da takardu, ta ƙofar kwastam.