'Yan Dakon Bama

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni nan Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya. Amma mu nawa muka san labarin 'yan dakon Bama?

A 1944, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yaƙi Jafanawa a kwarin Kaladan. Turawa sun ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne, alhali kakanninmu na Arewa ba su saba da shi ba. Kuma kowa da irin jikinsa. Wani gwanin saiti ne, wani ƙarfin wuya Allah ya ba shi. Jirgi ya jefo abinci da harsashi, masu ƙarfin wuya su ɗauka a ka, su haura tsaunin da mota ba ta hawa. Ba don su ba, da mai bindiga ya kwana da yunwa.

Bana mu sa su cikin addu'a.